Cizalolin Baba

Tun da matarsa ta rasu, tsohon masassaƙin ya fi kwana a tunani, ya fi yini a shago. Shagon ɗaki ne guda a ƙarshen layi, taga ɗaya, benci ɗaya, sai injin da ke juya katako yana sassaƙa ƙafafun tebur da na gado. Maƙwabtansa na sana'a duk sun tashi, wasu sun koma sabuwar kasuwa, wasu ƙasa ta rufe musu ido. Wani lokaci sai ya yini bai yi magana da kowa ba, in ban da injin, wanda yake yi wa faɗa in bel ya zame.

Akwai abin da bai gaya wa kowa ba. Shekara biyu ke nan idanunsa suna dushewa. Ya san ranar da babban ɗansa ya ji, ranar za a garƙame shagon a kai shi ɗakin baƙi, a ajiye shi gaban talabijin kamar tulu.

Abin da ya rufa masa asiri wani guntun katako ne da ya kafa a gefen injin, daidai ƙugunsa na dama, mai ramuka tara. Kowane cizal, wato ƙarfen sassaƙa, da raminsa, kuma ba a jere suke bisa tsawo ba, a jere suke bisa aiki: mai faɗin baki na fara rage kusurwa, sai mai baki kamar cokali, sai mai karkataccen baki na gyara fuska, can ƙarshe siririn da ke yanke ƙafa. Hannunsa ya san hanya. Ba ya duba.

Wata safiya ya tafi sayen katako, ya dawo ya tarar da ƙofa a buɗe, ƙurar shara tana fitowa. Autarsa ce, wadda yake kira Uwata, mai aiki a kantin magani. Ta ɗaure kai da tsohon ɗankwali, goshinta duk gumi.

"Baba, rufe ido ka buɗe!"

Ta cire guntun katakon ta jingina shi a waje tare da shara. A bangon da ke bayan injin ta kafa farin allo, ta rataye cizalolin a ƙusoshi daga dogo zuwa gajere, ta rubuta wa kowanne lamba a ƙasa, kamar yadda take jera kwalabe a kantin magani.

"Wancan abin duk gara ta ci shi," ta ce. "Yanzu ko baƙo ya shigo ya san inda komai yake."

"Baƙon da zai shigo nan ai ɓata ya yi," in ji shi. Ya yi murmushi. "Sannu da aiki, Uwata. Allah ya yi albarka."

Shi dai farin abu yake gani da wasu baƙaƙen layuka a jiki.

Ta share benci ta zauna, wai yau sai ta ga aiki, rabonta da kallo tun tana firamare. Ya so ya ce ya gaji, amma akwai wani mai tebur da ke jiran ƙafafu huɗu. Ya ɗaura katako, ya kunna inji. Hannunsa na dama ya tafi ƙugu da kansa, ya damƙo iska.

Sai ya miƙa hannu ta saman katakon da ke juyawa, yana laluben bango. Hannun rigarsa ya taɓa kusurwar katakon, fat! fat! Ya fizge da sauri, ya kashe injin. Yadin ya tsage har gwiwar hannu.

"Baba!"

"Ba komai. Ba a rataye kaya a bayan inji, shi ke nan. Ba ki sani ba ne."

Ya sauko da cizal ɗaya, ya shafa bakinsa da babban yatsa, ya mayar. Ya sauko da wani, ya shafa. Ƙusar ma sai da ya lalube ta.

"Wanne kake nema?"

"Mai faɗin."

"Ga shi nan gabanka, lamba biyu."

Ya kai hannu ya ɗauko na huɗu.

Can waje wata mota ta wuce. Ta taso a hankali, ta tsaya gabansa, ta ɗaga yatsu.

"Nawa ne nan, Baba?"

"Ke, ni za ki mayar ɗan aji ɗaya?"

"Nawa ne?"

Ya zauna a bakin benci, cizal a cinya. "In kin matso kusa zan gaya miki."

Ta fita, ta kakkaɓe guntun katakon, ta shigo da shi. Shi ya riƙe, ita ta buga ƙusa, sau biyu tana dukan yatsanta. Yana kiran cizalolin ɗaya bayan ɗaya, tana sa kowanne a raminsa, hawaye na ɗiga a kan ƙotocin.

"Ba zan ɓoye wa Yaya ba," ta ce. "Yau riga ce, gobe hannu."

"Na sani. Bari dai in gama ƙafafun nan huɗu. Ban taɓa mayar wa mutum da aiki rabi ba."

"Kwana nawa za su ɗauka?"

Da can aikin wuni guda ne, har ya samu lokacin shan shayi. Ya shafa katakon da ke kan inji, tun daga wannan kai har wancan.

"Sati biyu," ya ce.

Ta dube shi, ta dubi katakon, ta share fuska da bakin ɗankwali. "To. Sati biyu. Amma ka naɗe hannun riga."

Da ta tafi, ya jima a tsaye yana jin takunta har ya ɓace a layi. Sannan ya naɗe hannun rigar, ya kunna injin, ya ɗora bakin cizal a kan katakon, yana cire ɓawo siriri kamar fatar albasa, a hankali, a hankali.