Jan Takalmin Maman Eunice

Tun ranar da Eunice ta kawo labarin ana neman dattawan da suka iya rawar cha-cha don wani fim, mahaifiyarta Hephzibah ta hana unguwarsu ta Plumstead sakat. Ranar Lahadi, kafin a watse daga coci, kaf zumuntar mata sun ji: "Za ku gan ni a fim, ni da Baban Eunice!" Aka rangaɗa guɗa. Damaris kuwa, wata 'yar zumuntar da ba ta iya ganin abu ta yi shiru, ta taɓe baki ta ce, "Da wannan gwiwar, Mama? To, ma gani."

Maganar nan ta tsaya wa Hephzibah a wuya. Ita fa? Ita da a Jos, shekara arba'in da biyar baya, in aka ɗora faifan Kuba a garmaho, ita da Rwang, Baban Eunice ɗin, ake tsayawa kallo? A wurin rawar ma ya fara ganinta.

Ranar ɗaukar fim suka hau bas da safe zuwa wani tsohon sito a Old Kent Road, wanda aka mayar gidan rawa irin na da. Hephzibah ta sa jan takalminta mai maɓalli, wanda ba ta zuwa coci sai da shi.

Sai ga mai koyar da rawa, wata 'yar siririya, tana tafi tana ƙirga taku. Rawar salsa ta zamani take so, a juya mace sau uku kamar katantanwa. A juyi na biyu gwiwar Hephzibah ta ce ba ta san zancen ba. Yarinyar ta nuna musu kujeru can baya, wai su zauna su riƙe kofi. Kofi! Kunya ta rufe Hephzibah, tuni ta fara jiyo dariyar Damaris a kunnenta.

Da aka ba da hutu, makaɗa suka zauna suna taɓa kayansu. Wani tsohon mai ganga ɗan Kuba ya saki wani daɗaɗɗen kiɗa a hankali, mai busa ƙaho ya bi shi. Rwang ya dire kofinsa.

"Maman Eunice, tashi."

"Haba Baban Eunice, an ce mu zauna!"

"Su suka ce. Ni na ce tashi."

Ba juyi, ba tsalle. A Jos ɗakin rawa cunkus yake, masaka tsinke babu, don haka a wuri guda suka koyi takawa, ƙafa na shafar ƙasa. Kai, jama'a! Mai ganga ya ɗago ya kurma ihu, ya ƙara wa kiɗan wuta. Darakta ya taho a guje da abinci a baki, mai kyamara ya kwanta rub da ciki a gabansu. Sau huɗu aka ɗauka, Hephzibah ko nishi ba ta yi ba.

Bayan shekara fim ya fito. Eunice ta kama kujeru layi biyu a sinima ranar Asabar da rana, zumuntar mata suka cika su cikin anko. Aka ci rabin fim, ba Hephzibah ba alamarta.

Damaris ta sunkuyo. "Mama, ko dai an yanke ku ne?"

Ba ta rufe baki ba gangar nan ta tashi. Allo ya cika da ƙafafu huɗu, babu fuska ko ɗaya. Hephzibah ta dafe ƙirji, ta ce shi ke nan, ta gama kunyata.

Ai kuwa Damaris ce ta fara zabura tsaye. "Takalmin Mama! Jama'a, jan takalmin Mama ne!"

Layi biyu suka kaure da guɗa, Turawa na ta waige suna cewa a yi shiru, wa zai ji su? Minti guda cur kyamara na bin ƙafar nan, taku ɗaya bai kuskure ba. Rwang ya damƙe hannun matarsa, ƙafarsa na bugun kiɗan a ƙarƙashin kujera.

Hephzibah ta share hawaye da gefen ɗankwali, ta juya tana dariya.

"Da wannan gwiwar fa, Damaris. Kin gani?"