Sarkin Dukawa a Tsaye

Alkasum, Sarkin Dukawa, ya miƙe, rumfar duka ta miƙe. Ya je bakin ƙofa ya dawo, ya taɓa zama a kan agalemi, ya sake zabura. Dukawa suka ajiye basilla da wuƙa, suka tsaya suna kallon ƙasa. Haka al'ada take a rumfar dukawan Birni: Sarkin Dukawa ba ya tsayuwa wani na zaune.

Tun daminar bara abin ya kama shi. Wani zugi ne a ƙasan mara, ya zagaya har mazauni, kamar an binne masa garwashi. In yana tafiya sai ya lafa. In ya zauna sai ya taso. An yi masa ƙaho, ya sha saiwoyi, ba sauƙi. Bai gaya wa kowa inda ke ciwon ba. Ba wurin faɗi ba ne.

Gari kuwa ya samu abin faɗi. A kasuwa ana zancen Nasara za su tafi, a Birni ana cewa an yi wa Sarkin Dukawa kurciya, shi ya sa ba ya iya zama wuri ɗaya. Aiki ya tsaya, sirdin mutane na jibge.

"Yaya," in ji ƙanensa Tahiru, murya ƙasa, "da ka huta a gida. Ni sai in riƙe maka wurin."

Alkasum ya dube shi, ya dubi agalemin da ubansu ya tsufa a kai. Ya saka takalmi ya fita.

Bai tsaya ba sai gidan likita. Can akwai Illa, tsohon soja, wanda ya yi aiki a ƙetare wurin da ake miƙar da gaɓoɓin masu rauni. Illa ya ja labule.

"Baba, ina ne?"

"Baya."

"Bayan ina? Baya da faɗi."

Alkasum ya juyar da kai ga bango, ya nuna da hannu. Illa ya danna cinya, ya danna kwankwaso, ya kai yatsa wani wuri. Tsoho ya ciji leɓe.

"Fitsari?"

"Da ƙyar."

"Lokotoro, babban likita, zai duba fitsarin. Amma na san wannan. Direbobin gyaɗa sun kawo mini shi, teloli ma. Naman wurin ne ya ɗaure, kamar fatar da ta bushe a naɗe. Zama ne ya jawo."

"Ba sammu ba?"

"In sammu ne, agalemi ne ya yi maka shi. Kwanta rigingine."

Ya kwanta. Illa ya sa shi ya jawo gwiwoyi zuwa ƙirji, ya buɗe su, ya ja numfashi har ciki ya cika, ya saki a hankali.

"Da furfurata? Kamar jinjirin da ake wa wanka?"

"Ba mai ganinka sai ni da Allah. Saki jikin. Kar ka matse."

Can sai Alkasum ya ji wani abu ya saki, kaɗan, kamar an kwance kulli ɗaya cikin dubu. Ya shiga sauraron jikinsa.

"Safe da yamma," in ji Illa. "Ka riƙa tsuguno, ka zauna cikin ruwan ɗumi. Ka dawo in matsa maka wurin. Babban maganin kuwa, kar ka daɗe a zaune. Da ka ji zai taso, tashi."

"In na tashi kowa ke tashi."

"Wannan ba a koya mini maganinsa ba."

Da la'asar ya dawo rumfa. Tahiru na zaune daf da agalemin, gwiwarsa na taɓa gefe. Duk suka miƙe.

"Ku zauna."

Ba wanda ya motsa.

"Kurame ne ku? Daga yau a tsaye zan yi aiki. Wanda ya ƙara tashi don na tashi, ya ɗauki wuƙarsa ya nemi wata rumfa."

Suka zauna a ɗarare, ɗaya bayan ɗaya. Tahiru ne na ƙarshe. Alkasum ya shiga zagayawa tsakaninsu, hannu a baya. Bai taɓa ganin aikinsu daga sama ba. Ya tsaya a kan ƙanensa, ya daɗe yana duban ɗinkin sirdin da ke cinyarsa.

"Tahiru."

"Yaya."

"Warware wannan. Ya karkace."