Gwangwanin Man Timsah

A tashar turumba, wato injin jawo ruwan ban-ruwa, da ke bakin kogi kusa da garin Suki, duk abin da ya lalace maganinsa ɗaya ne: Man Timsah, wato man kada da Larabci. Babu shi a kowace kasuwa. A wani wasan telebijin da aka nuna da azumi ake tallarsa, inda wani makanike mai ƙaton gashin baki yake shafa shi ga mota, ga ƙofa, har ga gwiwar surukarsa. Tun daga nan, in bel ɗin inji ya tsinke ko mudir, shugaban tashar, ya shigo fuska a murtuke, sai wani ya ce ƙasa-ƙasa, "A shafa mishi Timsah," a kwashe da dariya.

Alhaji Yakubu, babban makanike, shi kaɗai ba ya dariya. Kowa ya ɗauka rediyo kawai yake saurare.

Zaharaddini, mai buɗe ruwa zuwa gonaki, ba ya ganin dama ya ƙyale. Ya samu gwangwanin madara, ya cika da giris, ya zana kada a jiki, ya rubuta sunan da Larabci. Ran da wata turumba ta fara kuka, ya miƙa da ladabi.

"Baba Alhaji, ga Timsah an aiko mini daga birnin Madani."

Alhaji ya shinshina, ya shafa, kukan ya ɗauke. "Masha Allah," ya ce. "Wannan mai na ƙwarai ne." Sauran ma'aikata suka laɓe bayan tanki, suna toshe baki.

Washegari mudir ya sa aka yanka rago saboda buɗe ruwan bana. Ana cikin fiɗa, Alhaji ya ja Zaharaddini gabansa.

"Ranka ya daɗe, yaron nan ya samo muna mai da ba a taɓa gani ba. A tura shi Sinja yau ya kawo katan guda."

"Tamam, ya yi," in ji mudir. "Tashi, ya zol, kai bawan Allah, kada motar Sinja ta wuce."

Zaharaddini ya dubi ragon, ya tafi ya hau mota. Ya wuni a kasuwar Sinja cikin rana, zaune wurin mai shayi, yana ƙulla ƙarya yana kwancewa. Bai dawo ba sai bayan la'asar, ya tarar ana wanke faranti.

"Baba, wallahi ya ƙare a kasuwa."

"Ya ƙare?" Alhaji ya cire tsinken sakace daga baki. "Da ka tambayi mai gashin bakin, ai shi ke da kamfanin. Ɗana, matata Mero in ta ƙure sautin telebijin, har zaure nike jin wasan nan. Ban tsallake ko guda ba."

Mudir ya yi dariya har rawaninsa ya warware. Zaharaddini ya zauna kan buhu ya sunkuyar da kai.

Sai Alhaji ya jawo wani kwano daga ƙarƙashin benci ya buɗe. Haƙarƙari ne da hanta, sun yi sanyi.

"Wanke hannu ka ci," ya ce.