Yadda Badi'a Ta Sayar da Ɗakin Jarrabawa

Shekara ashirin da biyu Badi'a ta yi tana yi wa amare jere, daga Tajaye har Dogarawa. Leƙe ɗaya take yi wa ɗaki ta san inda gado zai fuskanta, ta san kwanukan da za su hau saman kabad da waɗanda gara a ɓoye su kafin dangin ango su gani. Amma da aka gina wani sabon otel a Konni, ta je neman aikin ƙawata ɗakunansa, sai mai otel ya ce ta kawo diplom, wato takardar shaidar karatu. Ta nuna masa hotunan ɗakuna fiye da ɗari a wayarta. Ya ce sun yi kyau ƙwarai, amma ba diplom ba ne.

Da yake ta yi lakwal, wato karatun boko, mai zurfi kafin aure, sai ta shiga wata 'yar jami'a mai zaman kanta a bayan tashar mota. Malamai sun yi ƙaranci a wurin, don haka aka haɗa fanni uku cikin digiri guda da suke kira lisansi: sayarwa, adon ɗaki, da koyar da kasuwanci. Shekara uku tana zama da sa'annin 'yarta, tana zana kujeru a takarda kamar yadda tsuntsu zai gan su daga sama.

Ranar jarrabawar ƙarshe mutum uku ne suka zauna mata. Darekta, Mushe Chindo (Mushe shi ne Malam da Faransanci), siriri mai tabarau, shi ya rubuta sharuɗɗan lakwal ɗin da hannunsa, kuma bai taɓa yarda a taɓa ko wasali ba. A damansa Madam Hafiza, a hagu Malam Imrana, dogo har yana sunkuya wa ƙofa.

"Sharaɗi na farko," in ji Mushe Chindo, "ɗalibi zai sayar da abin da ke gabansa."

Bisa al'ada sabulu ake ɗorawa a tebur. Sai dai akuyar mai gadi ta cinye sabulun tun da safe.

"To, Mushe, mi zan saida?"

"Hajiya, na karanta miki. Abin da ke gabanki."

Badi'a ta dubi gabanta. Tebur, kujeru uku, kabad na takardu, fanka, labule. Daidai nan wani mai motocin haya na Dogarawa, Alhaji Abarshi, ya leƙo yana tambayar inda ake fotokofi. Ta gaishe shi, ta tambayi iyali da motoci, sannan ta tambaye shi a ina yake karɓar baƙi. Ya ce a gindin itacen bedi.

"Haba Alhaji! Mutum mai mota bakwai, ba buro, ba ɗakin aiki?"

Alhaji ya shafa tebur ɗin, ya ƙwanƙwasa. Malam Imrana ya buɗe baki zai yi magana, darekta ya ɗaga masa yatsa, domin sharaɗi ya hana a katse ɗalibi. Direbobin Alhaji biyu suka shigo suka fita da tebur, suka dawo suka ɗauki kabad da fanka da labule da kujeru biyu. Madam Hafiza ta riƙe kujerarta da hannu biyu, har sai da Badi'a ta bayyana mata cewa irin wannan kujera ce ke kawo ciwon baya, ta saki da sauri. Alhaji ya tsaya a bakin ƙofa yana sallama, Badi'a ta ce buro ba ya yiwuwa ba ƙyaure. Aka kwance ƙyauren. Alhaji ya zuba kuɗin a cinyar Mushe Chindo, wanda ko kallonsu bai yi ba, yana zaune a ƙasa yana neman shafi na gaba.

"Sharaɗi na biyu. Ɗalibi zai ƙawata ɗakin da abin da ya tarar a ciki."

Babu abin da ya rage a ciki sai su ukun. Badi'a ta ja baya, ta karkata kai yadda take yi a ɗakin amarya. Ta kai Malam Imrana kusurwa, ta ce ya miƙe sosai, tsayinsa zai cike gurbin kabad. Madam Hafiza tana sanye da atamfa ruwan ƙwai, sai ta tsayar da ita a taga ta ce ta buɗe gyale, haske ya shigo da launi mai daɗi. Darekta kuwa ta zaunar da shi a tsakiya, ta gyara masa hula, ta ce kada ya motsa. Rabin awa suka yi haka. Mutanen tasha suna leƙowa ta inda ƙyaure yake a da, suna cewa kai, ɗakin nan ya yi fili.

Sharaɗi na uku shi ne ɗalibi ya koyar da wanda bai san kasuwanci ba har ya sayar da wani abu. Badi'a ta dubi darekta.

"Mushe, tsakani da Allah, ka taɓa saida ko allura?"

Shekara goma sha tara yana koyar da kasuwanci. Ya cire tabarau ya goge, ya ce bai taɓa ba.

Ta fita da shi bakin hanya, ta ari tiren albasa wurin wata tsohuwa, ta koya masa yadda ake kallon idon mai saye, da lokacin da ake cewa albarka. Wani jandarma ya tsaya da babur, ya sayi kashi ɗaya. Mushe Chindo ya bi shi da kallo. Ya sayar da na biyu, ya sayar da na uku. Kafin la'asar ya kwance maɗaurin wuya, yana kiran masu wucewa da muryar da ɗalibansa ba su taɓa ji ba. Washegari bai zo buro ba, jibi ma haka, diplom ɗin Badi'a yana nan ba sa hannu.

Bayan mako biyu ta same shi a kasuwar Badaguishiri, ya sa malafa, ya yi baƙi, ya yi ƙiba kaɗan, ga buhunan albasa kewaye da shi. Ta miƙa masa takardar. Ya juya ta gaba da baya kamar mai duba kaya.

"Maki sha biyu bisa ashirin," ya ce.

"Albarka. Sha tara."

"Haba Hajiya, kin bar ni tsakar ɗaki, rana na bugun ƙeyata. Sha ukku, don ke ce."

Badi'a ta karɓe takardarta, ta juya, ta yi taku ɗaya, biyu, uku, ba ta waiwaya ba.

"Hajiya! Dawo, dawo. Sha bakwai, wallahi ko ɗiyata ba ni ba ta haka."

Ya ɗora takardar a kan buhu ya sa hannu, ya ƙara mata albasa huɗu gyara. Ta naɗe diplom ɗin ta cusa a jaka, ta nufi tasha da sauri, domin a Malbaza dangin wata amarya sun sauke kwanuka tun hantsi, ita suke jira.