Dishi-dishin Kawu

Ranar da aka kwance wa Kawu bandejin aikin ido, likita ya ɗaga yatsu ya tambaye shi guda nawa yake gani. Kawu ya kalli yatsun, ya juya wajen Inna, matarsa, da ke riƙe da hannunsa, sannan ya ce dishi-dishi.

Likita ya yi mamaki. Ya ce ɗan gilashin da ya dasa masa a cikin ido ya zauna daram, ko tururuwa ce ya kamata ya hango. Amma tunda mai ido ya ce bai gani ba, aka sallame mu.

Ni na fara gano shi, da na kai masa shayi na tarar yana zura zare a allura. Ya roƙe ni in rufa masa asiri. Wai tun aurensu Inna ba ta taɓa riƙe masa hannu a bainar jama'a ba sai da ganinsa ya tafi, kuma ya tabbata ranar da ido ya dawo hannun zai tafi. Na fito ina share hawaye.

Sai dai makantar ƙarya akwai wuya. Yana zaune a falo yana kallon surukinsa na zuba masa addu'a, alhali idon surukin na kan waya. Yana gani ƙanwarsa ta ce ga tsokar Yaya, ta miƙo masa ƙashi. Duk ya haɗiye, har da godiya.

Da muka koma asibiti ya sake cewa dishi-dishi, likita ya ce to ba makawa, za a sake buɗe idon a canza gilashin, ya aika a kira nas. Nan take Kawu ya karanto allon gwajin ido da ke bango tun daga sama har ƙasa, ya haɗa da sunan kamfanin da ya buga shi.

Inna ta saki hannunsa. A baranda ta yi gaba, shi yana biye kamar wanda aka kora daga aiki.

"Tun ranar da ka tsallake kwata kafin in yi magana na sani," in ji ta.

"To me ya sa ba ki sake ni ba?"

"Gwiwata ke ciwo, malam. In riƙe sanda a ce na tsufa?"

Kawu ya yi maza ya miƙa mata hannu. Ta dubi masu jiran layi, ta gyara mayafi, ta ce ya bari su fita daga ƙofa tukuna, kuma ya riƙa ɗan laluben hanya saboda mutane.