Mai Bin Dunduniyar Enid

Minti ashirin Enid ta ba Cyril a duniya, kuma shekara saba'in da takwas ba ta bari ya manta ba. Tagwaye ne, 'yan Northampton. Ranar haihuwarsu unguwarzoma ta faɗi abin da mutanen garin kan ce in abu ya biyo abu ba jinkiri, wai yaron a dunduniyar Enid ya fito. Shi ke nan magana ta bi shi.

Ƙyanda ta kama Enid ran Litinin, ta kama shi ran Laraba. Ta yi aure a Yuni, shi a Yuli. Ko a masana'antar takalma ita ke ɗinka fata, takalmin ya gangaro teburinsa ya buga masa dunduniya, abokan aiki suna yi masa tsiya har ƙarar inji ba ta rufe dariyarsu. Bai taɓa jin haushi ba. Yana ƙaunarta, kuma bin bayanta ya hutar da shi neman hanya.

Masana'antar ta daɗe da rufewa. Mijin Enid ya rasu, matar Cyril ma ta bi. Da likita ya ce ciwon Enid ba na tashi ba ne, sai kowa ya daina tsokanar, shirun kuwa ya fi tsokanar ciwo. Cyril ya goge baƙin takalminsa ya ajiye don ranar da za a binne shi, ya daina sayen abincin da zai wuce mako.

Enid ba a yi mata ɓoyo. Ta aiki maƙwabciyarta ta sayo dashen tuffa, wani ɗan tsinke da mai lambu ya ce sai ya shekara biyar zai haihu.

"Kai Cyril, tun muna ciki kake taka min ƙafa," in ji ta. "Wannan karon ka bar ni in sha iska. Kada in ga ƙeyarka sai da tuffar nan a hannu."

Ya binne ta, ya dasa tsinken a bayan gida. Kullum da safe yana ba shi ruwa yana mita, wai ko a kabari sai ta juya shi. Wani lokacin mitar kan koma kuka.

A shekara ta biyar bishiyar ta yi 'ya'ya uku. Cyril ya tsinki ɗaya, ya goge a riga, ya gatsa. Zaƙi kamar zuma. Ya daɗe yana taunawa, yana kallon rana a kan katanga.

"Da tsami, Enid," ya ce. "Ba zan kawo miki wannan ba. Bari mu ga na baɗi."