Layi Biyu a Allon Majo

Yacuba ya kwantar da yarinyar a kan gadon likita, ya ja da baya ya tsaya bakin ƙofa, kamar ɗiyar maƙwabci ya kawo. Ajuma ɗiyarsa ce ta fari. Bai taɓa kiran sunanta a gaban mutane ba, balle yau da mahaifiyarsa, Inna Tani, ke zaune tana yi mata fifita.

Majo Safiyanu, babban ma'aikacin jinyar asibitin, ya ɗauko na'urar tablet ya fara tambaya. Yaushe zazzaɓin ya fara? Ta yi amai? Ta yi jijjiga? Inna ta ce da sauƙi. Yacuba ya dubi ƙasa ya ce shi direban kamyo ne, babbar motar kaya, jiya ya tsallako gada daga Malanbil, wannan tambaya sai mata.

Majo ya juyo masa da allon. Cuta uku ne a jere: palu, wato zazzaɓin sauro, da taifot, da sanƙarau. Kowace da layi biyu, na sama cike, na ƙasa babu komai.

Yacuba ya yi aji shida a lakwal, makarantar boko, ya san cuta uku ba za su zama kashi ɗari kowace ba. Ya tambaya ko na'urar ta lalace.

Majo ya ce na'ura lafiyarta lau. Layin sama yana faɗin abin da ke iya yiwuwa, na ƙasa abin da ya tabbata. Idan ba a gaya mata komai ba, ba ta raba zato kashi uku don ta faranta wa mutum rai, sai ta bar kowace ƙofa a buɗe.

"To, ta san cutar ko ba ta sani ba?"

"Ta san ba ta sani ba, Malam."

Wannan ya ƙara dagula masa kai. Majo ya ce in palu ne mai sauƙi, a nan za a yi magani. In sanƙarau ne, sai asibitin Dosso yanzu, kuma motar asibitin nan ɗaya ce, ba zai tashe ta a kan da sauƙi ba.

Yacuba ya dubi Inna. Ya dubi layukan nan uku da babu komai. Gumi ya sauko masa ta ƙarƙashin hula.

"Ranar Talata ya fara," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. Ya ce tun kafin ya tafi ya taɓa goshinta. Jiya ta yi amai sau huɗu. Yau da hantsi, uwarta na wurin murhu, ta sanƙare idonta ya juye, shi ya riƙe ta har ta dawo. Haske ma ba ta so.

Inna ta daina fifita.

Majo ya shigar da bayanin a na'urar, ya tallabi ƙeyar yarinyar, ta yi ƙara. Layin taifot ya ja baya. A ƙarƙashin sanƙarau layin ƙasa ya taso, bai kai ƙarshe ba.

"Bai cika ba," in ji Yacuba.

"Ba zai cika a nan ba. Ya isa a tashi mota."

Yacuba ya sunkuya ya ɗauke ta, Inna na kallo.

"Ajuma," ya ce, "riƙe wuyana."